Ƙasar Kabarin Arzika

A Bangi na daina jin Hausa. Har can akwai masu tsire da masu gyaran takalmi da za ka yi wa sallama su amsa maka da harshen gida. Da na haye ruwa na shiga ƙasar Kwango, sai bakina ya zama kayan ajiya.

Sunana Bawa, mutumin Kore Mairuwa a ƙasar Nijar. Na gaji haƙar rijiya wurin ubana Gado, na yi ta shekara goma sha biyar a yashin Sukukutane da Dumega, sannan na ajiye guga na bi duniya. Na zauna Kumasi, na zauna Abijan da Duwala, na yi lebura a Sabha da arewacin Aljeriya. Ina jin Zabarmanci da Faransanci da Larabcin kasuwa, ina kuma tsintar Lingala. Amma duk waɗancan tafiye-tafiye neman abinci ne. Wannan kuwa aike ne, kuma na yi shi ina da furfura.

Ƙanena Arzika, autan Inna, ya bar gida yau shekara goma sha shida. Da farko yana kira. Wayarsa ta ƙarshe daga wani gari ce mai suna Goma, ya ce yana fasa dutse ana gini da shi. Daga nan shiru, shekara tara. A cikin shirun nan idon Inna ya tafi. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma saba yi mini doguwar magana ba. Ran da ta aike ni ma fuskarta na ga bango, kamar da shi take zance.

“Wanda ya san hanyoyi shi tahi shi ɗauko mini autana,” in ji ta. “In ya iske ya riga ni, shi ɗebo mini ƙasar kabarinai, ko cikin tahin hannu ce. A zuba ta cikin nawa. Ba ni kwantawa ni ɗai.”

Ta kwance wani farin ƙyalle daga bakin zanenta ta ajiye a tabarma. Shi ne na ɗinke a cikin aljihun ƙirjina.

Daga bakin ruwa kamiyo, babbar motar kaya, ya kai ni wani gari a gefen kogin Kwango, na jira kwana shida na sami jirgin ruwan kaya mai zuwa Kisangani. Jirgi ne kamar unguwa. Ana dafa abinci a kai, ana wanki, ana aski, ana faɗa, har haihuwa an yi muna tafe. Mutum ya fi a ƙirga, amma ban taɓa zama ni kaɗai irin na jirgin nan ba. Ina sallata tsakanin buhunan rogo. Ina cin gyaɗa da ayaba, don naman da ake sayarwa ban san ko na mene ne ba. Mutane na kallon tsagar fuskata, wadda ta taso daga gefen baki zuwa kunne kamar ta kowane Ba'are, ɗan ƙasarmu Arewa ta wajen Dogon Dutsi, su taɓa juna su yi ƙus-ƙus. A gida tsagar nan ke gaya wa mutum ko ni ɗan waye. A nan ta zama abin da ake ja da baya saboda shi.

Mutum ɗaya ya matso. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, sunansa Bahati, siriri mai gilashi ɗaure da zare. Da Faransanci ya tambaye ni inda za ni.

“Goma? Papa, ka san garin a gindin murhu yake zaune?”

Na ce masa ni ba baƙon ƙasa ba ne, na shiga cikinta gaba arba'in da igiya a ƙugu, na san abin da ke ciki: yashi, marmara, laka, ruwa.

Ya yi dariya har ya cire gilashi. “Gaba arba'in! Ai fata kawai ka sosa.”

Ya nuna mini tukunyar wata mata da ke tuƙa tuwon rogo, ta sauke ta bar shi ya fara yin ɓawo. Ya ce ƙasar da muke takawa ɓawo ce irin wannan, ƙarƙashinta can nesa zafi ne da ke narka dutse. Kuma ɓawon ba guda ba ne, gutsure-gutsure ne manya, kowane ya fi ƙasashe goma faɗi, suna motsi a hankali kamar yadda farce ke tsiro. A yankinsu biyu ne ke janyewa daga juna, manyan tafkunan nan nasu ma a cikin tsagar suke kwance. In dutse ya jure ja har ya gaji ya karye, mutane su ji girgiza. In narkakken dutsen ƙasa ya sami kafa ya hau, shi ne aman wuta.

Na ba shi labarin Aljeriya, ran da kofunan shayi suka zube, bangon da muka gina jiya ya tsage, ga shi babu dutse mai wuta ko ɗaya a wurin.

“Can turin juna suke yi,” in ji shi. “Nan rabuwa suke. Ciwon ɗaya ne.”

“To me kuke yi a wurin har yanzu?”

“In baƙin dutsen nan ya tsufa ya ruɓe, babu ƙasar noma irinta. Wake, dankali, ayaba, sai ka gani. Ku fa? Na karanta cewa a ƙasarku ruwan sama wata uku yake yi ya tafi. Me kuke yi a wurin har yanzu?”

Muka rabu a Kisangani. Ya rubuta mini kalmomin Suwahili a bayan takardar ɗalibansa: ruwa, ƙanena, na gode, ina neman wani. Bayan ya tafi na tsaya a bakin kogi da takardar a hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa, alhali kwana goma sha biyu kawai na san shi.

Hanyar gabas ba zan tsawaita ta ba. Laka ce da daji da shingaye. Kamiyo ya kafe sau huɗu, mu fasinja muka tura. A kowane shinge sai a juya takarduna, a dubi fuskata, a tambaye ni a wane yaƙi aka yanke ni. In ce uwata ce ta sa aka yi mini ina jariri, su yi dariya su miƙo mini.

Goma baƙin gari ne. Ba mutanen nake nufi ba, ƙasar. Katanga baƙa, titi baƙi, harsashin gida baƙi, duk dutse mai ramuka kamar soso, mai cin takalmi. Samari na turo buhunan gawayi da dankali a kan wani dogon keken katako. A kudu tafki ne shuɗi, a arewa kuma shi, dutsen mai aman wuta. Na girma ina ganin dutsen Dogon Dutsi, ja, kansa a shafe, tun kakanni bai taɓa ko tari ba. Wannan kuwa kansa na cikin gajimare, kuma in ka dube shi da kyau sai ka ga wani gajimaren daga cikinsa yake fitowa. Mutanen garin ba sa ɗaga kai su dube shi. Ni kuwa kwana uku wuyana na ciwo.

A rana ta uku da hantsi ina shan shayi a bakin kasuwa, benci ya motsa a ƙarƙashina kamar jaki ya girgiza ƙuda. Kwanon rufi ya yi ƙara. Duk da na taɓa gani a Aljeriya, ƙafata ta yi abin da ta saba: a Arewa in abin tsoro ya taso ɗaki ake shiga. Na ruga cikin shago, kowa kuwa ya fito fili. Mai shayi na ta ɗaga mini hannu yana ihu in fito. Kafin in fito girgizar ta wuce. Suka koma ciniki suna dariya, wata mata ma ba ta ajiye tiren kanta ba. Ni na zauna na dafa ƙasa da hannu biyu. A wurinmu ruwa na tafiya, dabba na tafiya, ɗa na tafiya, amma ƙasa tana nan. Ita ake dafawa in za a tashi, ita ake ba ajiyar mamaci. Na ce a raina, Arzika, ina ka kawo kanka?

Na yi ta yawo da hotonsa, wanda aka ɗauka don katin ɗan ƙasa. A masallatai aka ce mini mutane sun watse tun da dutsen ya yi amansa na baya, waɗanda suka san baƙi na da sun ƙaura. A ƙofar wani masallaci ne wani saurayi mai kwat da takalmi mai sheƙi ya tare ni, ya ce sunansa Papi. Ya karɓi hoton, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai.

“Ɗan Nijar! Abokina ne. Zazzaɓi ya ɗauke shi. Ni na riƙe kansa, Papa.”

Ya kai ni wata maƙabarta, ya nuna mini kabari marar alama a gindin itace. Na durƙusa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar ubana. Na cika ƙyallen Inna da jar ƙasa mai laushi. Na cire agogon da na sayo a Sabha na ba shi, na ƙara masa da babbar rigata ta Juma'a, ya karɓa yana share ido.

Kashegari na koma in yi sallama da ƙanena. Na tarar da mutum biyar a kan kabarin suna jera furanni. Kakarsu ce, ta rasu bara. Na tsaya da ƙyalle a hannu, na yi musu bayani da Faransanci, na kwance na mayar mata da ƙasarta har ƙwayar ƙarshe. Samarin suka fara dariya, babbar cikinsu ta harare su suka yi shiru.

“Ka yi mata addu'a jiya?” ta tambaye ni.

Na ce na yi, mai tsawo.

“To ba ta faɗi ƙasa ba. Ita ma baƙuwa ce a garin nan.”

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi. Ina haya a wani ɗakin katako. Da safe nakan gai da kaina da Hausa in amsa, don kada harshen ya yi tsatsa. Na kira matata Hajo sau ɗaya, na tambaye ta ko Inna na cigiyata.

“Ba ta tambaya,” in ji Hajo. “Amma in babur ya tsaya ƙohwar gida sai ta daina jan tasbaha.”

Na daina tambayar masu kwat, na koma tambayar masu fasa dutse. Aka ce mini suna da yawa a yammacin gari, wajen tafki. Na tafi can, ina bin su tuli-tuli da hoto, suna girgiza kai. Azahar ta same ni a wurin. Na yi alwala da butata, na shiga neman inda zan yi salla. Ko'ina tsakuwa mai kaifi ce da shara da kashin awaki. Sai na hangi wani ɗan kwari a bayan rumfar mai sayar da wake, kamar tsohuwar rijiya da ta rufta, zurfinsa bai wuce ƙirjina ba. Na leƙa. Ƙasansa a shafe, babu kashin dabba, babu tururuwa, babu ƙuda, babu sawun kowa. Ga inuwa, ga shiru. A Arewa in matafiyi ya sami wuri irin wannan a bayan gari sai ya gode Allah ya shimfiɗa mayafi. Haka na yi.

A tsaye ban ji komai ba. Da na yi ruku'u na ji wani tsami ya soki hancina, kamar in ka buɗe kwalbar lemo kusa da fuska. Na ɗago, kaina ya yi nauyi, na ce yunwa ce. Na tafi sujada. Gwiwata ta taɓa ƙasa ke nan dutse ya same ni a baya, na ji ihun mace, sannan hannu ya damƙi wuyan rigata ya ja ni baya kamar rago. Ban san yadda muka fito ba. Na sami kaina a bakin kwarin ina amai, wata ƙatuwar mata tsaye a kaina tana haki tana zagina da Suwahili.

Da numfashina ya dawo na ce mata da Faransanci, “Madam, salla nake yi.”

“Salla! Ku masu buta, wa ya raba ku da hankali? Duba nan!”

Ta fizgo busasshen ganyen ayaba, ta kunna a murhunta, ta ɗaura a sanda ta zura cikin kwarin. Wutar na ci har ta kai daidai gwiwar mutum, sai ta mutu tsaf kamar an tsoma ta a ruwa. Hayaƙin bai tashi ba, ya kwanta ya bazu kamar an shimfiɗa zane.

“Mazuku,” in ji ta. “Numfashin dutsen ne, ta ƙarƙashin ƙasa yake biyowa. Ya fi iskar shaƙa nauyi, sai ya taru a rami kamar ruwa. Mai tsayuwa ya wuce, mai sunkuyawa ya zauna.”

A gida da an ce doguwa, aljanar daji, ce ke zaune a wurin, a kai mata baƙar akuya. Amma ni kunya ce ta rufe ni, don na san abin nan. Ubana bai taɓa barin ɗayanmu ya sauka rijiya da safe ba sai an zura fitilar aci-balbal da igiya har ƙasa. In ta mutu, ranar babu aiki. Ya kuma sha gaya mana cewa ramin da ko ƙwaro ba ya shiga, mutum ma kada ya shiga. Ni ɗan Gado na ga wurin da tururuwa ta ƙi, na ce tsabta ce.

Matar ta daina faɗa. Tana kallon fuskata. Ta ɗaga yatsa ta ja layi a kumatunta daga baki zuwa kunne, sai ta ja da baya ta zauna a kan bokiti. Na ciro hoton na miƙa mata. Ta daɗe tana dubansa.

“Sannu,” ta ce, da Hausa. “Sannu, Mama. Haka yake ce mini.”

Kwana hamsin da wani abu ban ji kalmar nan daga bakin kowa ba sai nawa.

Sunanta Mama Furaha. Ta zuba mini wake ta tsare ni sai na ci, sannan ta ba ni labari. Arzika ya yi shekara biyu yana fasa dutse a nan, a rumfarta yake cin abinci, yana ɗauko mata ruwa daga tafki ba ta roƙe shi ba. Kwarin nan shi ne masallacinsa, shi ya share shi ya kwashe tsakuwa. Lokacin babu komai a ciki, kaji ma na kiwo. Sai wata rana aka yi girgiza mai ƙarfi, ta buɗe wata tsaga a ƙasan kwarin da ido ba ya gani. Bayan kwana biyu ya sauka da butarsa kamar kullum.

“Na gan shi da goshi a ƙasa,” in ji ta. “Na ce yau sallarsa ta yi tsawo. Na sayar da kwano uku, na sake dubawa yana nan. Na ce ba a taɓa mai salla. Papa, da idona nake kallonsa.”

Ta ce ta sha kafa sanduna da jan ƙyalle a bakin wurin, masu neman itacen girki su kwashe. Shi ya sa ta juya rumfarta tana fuskantar kwarin, ta tara duwatsu kusa da ƙafarta.

Ita ta kai ni wurin tsohon da ya wanke shi, wani tela mutumin Mali mai suna Sidibe. Ya ce an sace wayar Arzika tun kafin a fito da shi, kuma da an tambaye shi garinsu sai ya ce Arewa, su kuwa ba su san inda za su aika ba. Ya ɗauki sandarsa ya raka ni bayan gari ta arewa. Muka bar gidaje, muka hau wani fili baƙi mai tudu da kwari, kamar an yi huɗa da garmar aljanu sannan aka ƙone. Nan da can ɗan ciyawa ya fara leƙowa. Ya tsaya tsakanin wani itace da ya ƙone rabi da wani ƙarfen rufi da ya lanƙwashe.

“Nan ne, ko kusa da nan. Shekaru bayan mun rufe shi wutar ta gangaro ta bi ta kan maƙabartar. Ƙasar tana ƙarƙashin ƙafarka, gaba uku ko huɗu.”

Na ce gaba huɗu ai wasan yara ne ga wanda ya yi arba'in.

“Mutumin Nijar,” in ji Sidibe, “taurin kanku ɗaya da na ƙanenka.”

Masu fasa dutse suka ara mini guduma da dagi da bokiti. Na sayi igiya da ƙaramar fitila. Marmarar Sukukutane tana da tauri, amma tana da hanya, in ka gane inda take so ta tsage sai ta ba ka. Wannan ba shi da hanya. Sama-sama yana wargajewa kamar gawayi, ƙasa kuma ya haɗe kamar ƙarfe, ɓarɓashinsa na yanka kamar kwalba. A kwana na uku tafin hannuna ya fashe, na naɗe da tsumma. Mutane suka riƙa zuwa kallo, wasu na cewa zinariya nake nema. Ni ke haƙa, ni ke fitowa in ja bokiti. A gida ba a haƙa rijiya mutum ɗaya, dole akwai na sama mai riƙe igiya yana yi maka zance. Nan babu na sama, sai dutsen da hayaƙinsa. Mama Furaha ta zo sau biyu da wake a kwano. Sidibe kan zo da la'asar ya zauna ya yi mini tsiya. Kowace safiya ina zura fitila kafin in sauka, tana kaiwa ƙasa tana ci.

Kwana goma sha biyu na yi gaba biyu. A yammacin ranar aka yi 'yar girgiza, wadda ko kaza ba ta firgita ba. Da safe na zura fitila, saura kamu biyu ta kai ƙasa ta mutu. Na jawo na kunna na sake, ta mutu. Na yi dabarar ubana, na ɗaure ganyen ayaba a igiya na yi ta sama da ƙasa da shi ina kore iskar. Fitila ta sauka ta ci, ina kallonta, harshen wutar ya yi ƙasa ya yi ƙasa ya tafi. Ba tsohuwar iska ba ce da ta kwana, sabuwa ce ke shigowa.

Na zauna a bakin ramin har rana ta take. Ina lissafin numfashi: in na riƙe shi zan iya sara biyar in fito. Sidibe ya same ni na fara ɗaura igiya a ƙugu. Ya dubi fitilar, ya dube ni.

“Ƙashin bayana ya gaji, Bawa. Ba zan iya wanke na biyu ba. Kuma kai akwai wanda za a aiko neman taka ƙasar?”

Babu. Na kwance igiyar.

A cikin bokitin ƙarshe da na jawo jiya akwai wani gutsure daidai dunƙulen hannu, shi ne mafi kusa da Arzika da hannuna ya kai. Na naɗe shi a ƙyallen Inna. Muka mayar da duwatsun cikin ramin don kada wani ya faɗa. Sannan ni da Sidibe muka tsaya muka yi masa addu'a a tsaye, babu wanda ya kai goshi ƙasa.

Hanyar komowa ta fi ta zuwa tsawo, don ko'ina na sauka akwai ƙasa. Akwai ja a Kisangani, akwai baƙa mai laushi a bakin kogi, kuma wadda ta aike ni ba ta gani. A tashar Dogon Dutsi har na sunkuya, na ɗebi yashi a hannu, na tsaya da shi. Sai na tuna kakar mutanen nan da na mayar wa ƙasarta, na buɗe yatsuna ya zube.

Da la'asar babur ya ajiye ni ƙofar gida. Inna na zaune inda na bar ta, tasbaha ta tsaya a hannunta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na gaya mata duka, kwarin da sallar da matar mai wake, da wutar da ta rufe maƙabarta. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na ajiye ƙyallen a gabanta.

Ta lalubo ta kwance. Ta juya dutsen a hannu, ta shafa ramukansa, ta kai shi hanci.

“Wanga ba ƙasa ba ce.”

“Ban kai ga ƙasar ba, Inna. Gaba biyu na yi, iska ta hana.”

“Ba shi da nauyi,” ta ce a hankali. “Shi ma haka yake a goyo.”

Sai ta miƙo hannu, ba wajen dutsen ba, wajena. Ta kamo hannuna na dama ta buɗe tafin, ta bi tabon da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye ta ɗauki na hagu. Tun da na yi wayo ban san taɓin hannun Inna ba. Ta saki, ta juya wajen madafa.

“Hajo! Ba mutumen ga ruwa shi sha. Ki kawo turmi.”

“Turmi, Inna? Mi za a daka?”

“Ƙasa za a yi.”

Ba ta yarda kowa ya taɓa taɓarya ba. Hajo ta riƙe mata turmin, ta miƙe a kan ƙafafunta da ba sa daɗewa a tsaye, ta shiga daka. Ƙarar ba irin ta gero ba ce. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya me ake dakawa haka. Ina zaune da kwanon ruwa a hannu har ƙarar ta yi laushi.

Ta kwashe garin da kanta, baƙi ƙirin, bai cika tafin hannu ba. Ta ƙulle shi a ƙyallen, ta mayar bakin zanenta inda ta kwanto shi, ta ɗauki tasbaharta.